Takardata a Hannun Darakta

Laraba, bayan isha'i, Maijirgi

Sati biyu ke nan da na ba daraktan lakwal ɗinmu, wato shugaban makarantarmu, takardar nan. Bincike ne da masana motsin jiki suka saka kyauta a intanet, na taƙaita shi don malaman wasanni irina: horo da tsallen kwaɗo yana lahanta gwiwar yara. Ya ce, "Madalla, mushe, zan karanta." Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan.

Yau da safe na iske ya jera yaran da suka makara suna tsallen kwaɗo cikin rana. Takardata na hannunshi, ya naɗe ta kamar sanda yana yi musu ƙirga da ita. Hadiza, wadda ta fi kowa gudu a ajina, ta tashi tana ɗingishi.

Na gaishe shi, na wuce. Gaisuwar nan ce ta hana ni barci.