Hular Zulkiflu

Assalamu alaikum Inna,

Ina fata kina lafiya, da Baba da su Jannat. Ni ma lafiya lau, sai dai ɗakinmu na unguwar Bin Omran ya yi mini faɗi a kwanakin da korona ta tsare maigidana Zulkiflu a wurin aikinsu na garin Lusail.

Kin ce in dawo gida. Inna, karance-karancen da kike mini faɗa a kansu sun yi rana. Na karanta labarin wata mata 'yar ƙasar Girkawa da mijinta ya tafi yaƙi, tana saƙa tana warwarewa don kada a raba ta da jiransa. Ni hula na ɗinka, ban warware ko zare ɗaya ba. Jiya ya dawo a rame, amma hular ta zauna masa daram.

Ina nan ɗakina, Inna. A aiko mini da daddawa, a sa mana albarka.

'Yarki,
Zaituna