Abin da Ya Raba Kinga da Jagoda

Toruń,
21 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanena Zenon,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sylwia. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a wannan aiki naku na kifi, ya kare ka daga sanyin ƙasar Aisilan da ya kusa sauko muku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Wiesław yana fama da gwiwar nan tasa, amma ba ta hana shi hawa tsani ba, domin bishiyar tuffar da Baba ya dasa ta yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na je na share kabarin su Mama, na kunna musu kyandir har da naka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Na san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuma maganar da ke bakina ko ni ban gama fahimtarta ba. Ka daure ka karanta har ƙasa kafin ka yi fushi da wani.

Kai ka san yadda yaran nan suka tashi. Kinga tana shekara tara ka kawo min ita bayan rasuwar mahaifiyarta, ka ce in haɗa ta da 'yata Jagoda in riƙe, ka tafi neman abinci. Gado ɗaya suka kwana, makaranta ɗaya suka yi, rana ɗaya Koci Lucjan ya ba su raket a filin tanis na bayan tashar jirgin ƙasa. Da suka girma kowace ta gwada wasan ɗai-ɗai, ba wadda ta yi nisa. Shi ne kocin ya ce a haɗa su wasan bibbiyu a gani. Shekara goma sha biyu ke nan, kuma kai shaida ne, kofuna goma sha ɗaya ne jere a kan kabad ɗina, har na rasa inda zan sa farantan bikina. A watan Yuni da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar nan, unguwarmu kaf ta taru a falona, Wiesław ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe.

To wata biyu kacal bayan wannan, ina layin sayen burodi, maƙwabciyata Danuta ta dafa ni ta ce ta taya ni jaje. Na ce jajen me? Ta ce ashe ban gani a jarida ba, Jagoda za ta yi wasan baɗi da wata yarinya 'yar ƙasar Cek, ta ajiye Kinga. Zenon, na bar burodin a kan kanta na fito. 'Yar da na haifa, a bakin Danuta zan ji labarinta!

Na kira Jagoda na ce ta zo gida. Ta zo ta zauna a kicin tana murza mukullin mota, na yi ta faɗa tana kallon ƙasa. Abin da kawai ta ce shi ne, "Mama, ki tambayi Kinga." Na tambayi Kinga, ita kuwa dariya ma ta yi, ta rungume ni ta ce, "Haba Gwaggo, gajiya na yi. Shekara goma sha biyu ina jin minsharin 'yarki a otal, ai na yi ƙoƙari." Ban yarda ba, na wanke ƙafa na je wurin Koci Lucjan. Shi kuma ya ce min haka sana'ar take, abokan wasa suna rabuwa kullum, Jagoda tana buƙatar mai ƙuruciya a ƙafa. Mutum uku, magana uku. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, waɗanda aka ce sun rabu ga su nan tare suke zuwa, tare suke tafiya, suna tsokanar juna irin ta taubasai kamar ba abin da ya faru. Na ce wa Wiesław ko dai ni ce na tsufa ban san yadda ake faɗa a zamanin nan ba. Duk da haka na ɗora wa tawa laifi. Sati biyu ban ɗauki wayarta ba.

Cikin wannan ne kai ma ka kira ta. Na san abin da ka faɗa mata, domin Wiesław yana wurin. Ka ce mata butulu, ka ce ta hau bayan 'yarka ta kai sama sannan ta ture ta. Ya ce min ba ta mayar maka da ko kalma ɗaya ba, sai "To, Kawu. Na ji, Kawu." Da ta ajiye wayar ta shiga bayan gida ta kunna famfo, ta daɗe ba ta fito ba. A lokacin har a raina na ce gara da ka faɗa mata. Allah ya yafe mana ni da kai.

Ranar Talatar da ta wuce Kinga ta zo taya ni feraye tuffa za mu dafa na ajiya. Muna hira, na ce ta zuba mana shayi. Ta ɗauki buta ta tsiyaya, ruwan zafi yana zuba a kan tebur, gefen kofin, ita kuwa tana ta ba ni labari ba ta sani ba, sai da ya gangaro mata a cinya. Na ce Kinga, dube ni. Ta dube ni, amma sai da ta ɗan karkata kai gefe. Nan take na tuna na sha ganin wannan karkata kan tun bara, na ɗauka sabon salo ne. Na riƙe hannunta na ce ba za ta fita daga kicin ɗin nan ba sai ta gaya min gaskiya.

Idonta na dama ne, Zenon. Tun hunturun bara ta fara ganin wani duhu a cikinsa, ta je asibiti a Warsaw ba tare da ta gaya wa kowa ba. Likita ya ce cuta ce a can cikin idon, ba za ta warke ba, sai dai a rage mata gudu. Na hagun lafiyarsa ƙalau zuwa yanzu. Ta faɗa min sunan cutar sau biyu, ban riƙe ba. Jagoda ce kawai ta sani, sai kocin daga baya. Ka tuna a farkon shekarar nan da suka sauya gefe, Kinga ta koma hagu, Jagoda ta koma dama, masu sharhi suna ta cewa wauta ce a sa bahaguwa irin Jagoda a dama? Ni ma na tambaya aka ce min dabara ce. Ashe Jagoda ta koma ne ta tsaya a gefen da 'yar'uwarta ba ta gani. Duk wasannin da muka yi ta tafi a falona, 'yata tana tsaron gefenta tana tsaron rabin na Kinga. Kinga ta ce min akwai ƙwallon da sai ta ji Jagoda ta yi ihu "Bari!" sannan ta san ta taho.

Kuma ba Jagoda ce ta ajiye ta ba. Kinga ce ta nemo lambar yarinyar nan 'yar Cek, ita ta kira ta, ita ta tsare Jagoda wata guda cur har ta sa hannu. Ta ce mata, "Shekararki ashirin da tara, gwiwarki ta kusa fara magana. Ba za ki ƙarar da sauran ƙarfinki kina yi min jagora ba." Sannan ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa dalili ba, musamman kai. Na ce don me musamman kai? Ta ce wai duk ma'aikatarku an san ka da Baban Kinga, hotonta ne a jikin akwatin kayanka, kuma idan ka ji za ka ce laifinka ne da ka yi nisa. Ta ce gara ka yi fushi na ɗan lokaci da ka yi baƙin ciki. Na ce fushi da wa? Da 'yata? Sai hawaye suka zubo mata. Ina jin ba ta taɓa zaton za ka kira Jagoda ba.

Ka ga da a nan maganar ta tsaya da na san abin yi. Amma yanzu ne ma suka yi faɗan gaske. Akwai ƙaramar gasar da ake yi a garinmu tsakiyar Oktoba. Kinga ta ce a nan suka fara, a nan take so su yi wasansu na ƙarshe tare, a gaban mutanen gida, sannan ta ajiye raket da kanta. Likita ya ce bai hana ba amma bai so, domin mai tsayuwa gaban raga ƙwallo tana zuwar mata kamar harsashi, in ta sami idon hagu shi ke nan. Jagoda ta ce ko za a yanka ta ba za ta shiga fili ba. Shekaranjiya a gabana suka yi, Kinga tana cewa, "Ke da kika tsare ni shekara guda, kwana uku ne za su gagare ki?" Jagoda ta ce shekara guda ba ta yi barcin kirki ba, ta gaji da tsoro. Kinga ta ce mata matsoraciya, ita kuma ta ce mata mai taurin kai kamar ubanta. Ka yi haƙuri, haka ta ce. Kowace ta juyo tana jiran in goyi bayanta, ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu kamar gunki.

Gaskiya ban san mai gaskiya a cikinsu ba. In na dubi Jagoda sai in ce ido ɗaya ya rage, ina amfanin kofi? In na dubi Kinga sai in ce yarinyar nan tun tana shekara goma ba ta san komai ba sai wannan fili, ta yaya za a ce ta fita ta ƙofar baya ba sallama? Wiesław ya ce a sa mata gilashin kariya, Kinga ta ce yana yi mata hazo. Ban ma san ko daidai nake yi da nake rubuta maka ba. Ta roƙe ni kada in faɗa, na ce mata "to". Ban sani ba ko "to" alkawari ne. Amma kai ka haife ta, ni riƙo aka ba ni, kuma wannan kaya ya fi ƙarfin kaina.

Abu biyu nake roƙonka. Ka kira Jagoda ka ba ta haƙuri, ba sai ka yi dogon bayani ba. Sannan ka nemi hutu ka zo kafin tsakiyar Oktoba. Ko za a yi wasan ko ba za a yi ba, ya kamata a ce kana nan ranar da za a yanke.

Wiesław yana gaishe ka. Ka gaida Sylwia da kyau, ka ce na gode da safar ulun da ta aiko. Ka gaida Marek ɗan Kawu Henryk in kun haɗu, ka ce mahaifiyarsa tana cigiyarsa. Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Halina.

Ƙarin bayani: Ina cikin ninke takardar nan Kinga ta shigo kawo min maganin Wiesław. Ta ga shafi huɗu a gabana ta ce wa nake wa wannan dogon rubutu. Ban iya ƙarya ba, na ce babanki. Ba ta tambayi abin da na rubuta ba, ni ma ban faɗa ba. Can sai ta jawo kujera, ta ɗauki ambulan da biro ta ce, "Kawo, Gwaggo, ke kullum sai kin yi kuskure a sunan titinsa." Ban sani ba ko ta gane, ko izini ne ta ba ni. Adireshin da za ka gani ya ɗan gangara ƙasa, hannunta ne.