A Sake Gwada Shirina da na Rabi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Kwamfuta ta Makarantun Sakandare, Shiyyar Katagum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ranka ya daɗe, ni ce Asma'u, 'yar aji biyar da ta zo ta biyu a gwajin Azare. Na so in yi magana a ranar, ban yi ba, shi ya sa na rubuto.

An ce mu rubuta shirin kwamfuta da zai daidaita tambayoyi su zama siffa ɗaya kafin kwamfuta ta nemo amsa a rumbun bayanan ɗalibai. Wadda nata ya fi sauri ita za ta tafi Bauchi zagaye na gaba. Rabi, abokiyar zamana a benci, ita aka zaɓa. Amma ina ganin awon bai yi daidai ba, ga dalilaina uku.

Na ɗaya: nawa aka fara gwadawa, ana tayar da janareto, kwamfutar ba ta buɗe rumbun ba tukuna. Na Rabi ya biyo baya, ya tarar da bayanan a buɗe.

Na biyu: sau ɗaya aka auna kowanne, da agogon hannun malamin da ya sa ido. Nawa sakan tara, nata shida.

Na uku: da muka koma makaranta na roƙi malaminmu na kwamfuta, na gwada shirina sau biyu a jere. Na farko tara, na biyu biyar, ban canja ko harafi ba.

Ba na cewa Rabi ta yi maguɗi. Amma ba zan ɓoye ba, ina kishi. An kira ta gaban asambule an tafa mata. Mahaifiyarta ta ɗinka mata sabon hijabi na tafiya, ni aka ba ajiyarsa a akwatina saboda nata ba ya kulluwa. Kullum na buɗe sai na gan shi.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, kafin a aika suna Bauchi, a sake gwada mu sau da yawa, a riƙa kashe kwamfutar ana kunnawa kafin kowane gwaji. In Rabi ta sake ci, ni zan ɗaukar mata jaka har tasha, ko da fuskata ba ta saki ba.

Allah Ya ƙara girma, Ya dafa maka wajen yin adalci.

Wassalam.
Asma'u, aji biyar.