Lambar Ƙungiya Tana Ƙara a Shagon Wanki

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Taimakon Juna ta Fataken Arewa mazauna Guangzhou,
Alhaji Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida, ina kuma fatan ka samu Kano lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ne Sabi'u mai kayan keken ɗinki a Dengfeng. Kai ka san ni, na faɗa ne saboda sauran 'yan ƙungiya da za su karanta. Ba halina ba ne in fito da maganar babba a bainar jama'a. Na kira ka, na tura maka saƙo, na aiko ta bakin mutanen da kake jin nauyi, amsa ɗaya nake samu: sai ka dawo. Maganar nan kuwa ba ta jiran dawowa, domin har ta riga ta ci mutum ɗaya.

Na farko, katin ƙungiya.

Duk wanda ya sauka garin nan daga gida, Juma'arsa ta farko muke danƙa masa ɗan katin nan, mu ce ya sa a aljihu, kada ya rabu da shi. Da rubutun Sin aka rubuta cewa mai wannan kati Musulmi ne, idan wani abu ya same shi a kira lambar da ke ƙasa, idan kuma rai ya yi halinsa kada a ƙona gawarsa. Kai ka kawo shawarar katin, ba zan hana ka yabonta ba. Lambobi biyu ne a jiki. Akwai ta wayar girke da ke ofishinmu na Tianxiu, mai farawa da 020, wadda iyalai ke kira daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Akwai kuma mai farawa da 400, wadda aka buga da manyan haruffa saboda asibitoci da 'yan sanda, tunda daga ko'ina a ƙasar nan ana iya kiranta ba tare da lambar gari ba. Ni da hannuna na raba katin nan ga mutanen da ban san iyakarsu ba, ina ce musu in dai yana jikinka kana da dangi a Sin.

Na biyu, yadda muka yi asarar lambar.

Da kuka yanke shawarar mayar da ofis Panyu saboda sauƙin haya, babu wanda ya yi musu. Abin da ba a gaya mana ba shi ne wayar girke ba ta bi mu ba. Sai bayan abin da ya faru na je ofishin kamfanin waya tare da Baba Isaka, ɗan zangon Kumasi da ke yi mana tafinta, aka zaunar da mu aka yi mana bayani kamar 'yan aji ɗaya.

Ashe lambar wayar girke aro ce. Mu muna ɗaukarta kamar fili, wanda in ka saya ya zama naka har 'ya'ya su gada. Su kuwa sun rarraba lambobin unguwa-unguwa, kowane yanki da tarin lambobinsa, farkon lamba ma shi ke nuna yankin da layin yake. Aka ce ta Tianxiu ba za ta koma Panyu ba, sai dai a ba ku sabuwa. Ku kuma kuka ce wa yake ta wayar girke a wannan zamani, kowa da waya a tafin hannu, aka rufe layin. Kamfani ya ajiye lambar na wasu watanni, ya mayar da ita cikin tari, ya ba wanda ya zo nema.

Ita kuma mai 400 ba ta da gari, ba ta da unguwa, ba ta ma da wayar kanta. Ɗaure ta ake yi a jikin wata lamba, duk wanda ya kira sai kiran ya zarce can. Tamu a jikin wayar Tianxiu aka ɗaure ta tun ranar farko. An kwashe kujeru, an kwashe firji, har hotonka na bango an naɗe shi a bargo an kai Panyu, amma babu wanda ya tuna ya je ya kwance wannan ɗauri. Lambobin katinmu duka biyun yanzu wuri ɗaya suke ƙara: shagon wata mata mai wanki da guga a bayan Xiaobei.

Na uku, Ɗanlami.

Alhaji Ɗanlami aminina ne tun muna zaman shago ɗaya a Kano. Shi ba mazaunin nan ba ne, zuwa yake yi saro ya koma, kuma ban da gaisuwa da tambayar farashi bai iya komai da yaren Sin ba. A zuwansa na ƙarshe ya fita shi kaɗai wata kasuwar sari da ke bayan gari. Fasfo ɗinsa yana hannun ejan da ke yi masa aikin takardu. A can hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. A cikin rububin ɗaukarsa wayarsa ta yi ɓatan dabo. Abin da aka samu a aljihunsa shi ne kuɗin mota da katinmu.

Ma'aikatan asibitin da aka kai shi sun yi abin da katin ya ce. Wata nas ta nuna min a wayar ɓangarensu, sun kira, sun sake kira, washegari ma sun kira. Kowane kira matar nan mai wanki ke ɗauka. Ana tambayarta ko nan ne ƙungiyar Musulmin Afirka, ita kuma tana cewa meyo, babu, nan wurin wanki ne. Gaskiyarta ta faɗa.

Mu kuwa muna can muna neman Ɗanlami a inda ba ya nan. Da farko na ɗauka ya wuce wani gari duba kaya, don ya saba yin haka ba sallama, har ina shirin yi masa tsiya in ya dawo. Da shiru ya yi yawa muka shiga bin asibitoci ni da Baba Isaka, muna nuna hotonsa. Ranar da muka dace da asibitin, ba a kai mu gadon marasa lafiya ba. Ƙasa aka sauka da mu, ɗakin ajiye gawa.

Nas ɗin ta ce ya yi kwanaki da ransa, idonsa biyu. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya juyo da ido ya dube shi, sannan ya mayar da kai. Ta ce yana yawan ɗaga yatsa ɗaya na hannun da ke motsi, su kuma suka ɗauka ruwa yake nema, suna ta ba shi ruwa. Alhaji, ni da kai mun san abin da yatsan nan yake nufi. Mutum yana ta neman wanda zai tsaya a kansa ya laƙƙana masa kalmar shahada, mu muna cikin gari ɗaya da shi muna cinikin kwantena.

Allah Ya rufa asiri mun same shi kafin a yi masa abin da ake yi wa gawar da ba ta da mai ita. Mun yi masa wanka, mun sallace shi, mun rufe shi a maƙabartar Musulmi. Ka turo saƙon ta'aziyya mai tsawo a zauren ƙungiya na waya, na karanta. Ban ga inda ka ambaci lambar ba.

Ban ce da an same mu a waya, da Ɗanlami bai mutu ba. Kwanansa ne ya ƙare, wannan babu mai ja. Abin da ke ci min rai shi ne ya mutu shi kaɗai, da katin da ni na ba shi a aljihu. Tun daga ranar ban ƙara miƙa wa kowa katin nan ba, kunya nake ji.

Na huɗu, hatimi.

Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Ma'aikacin kamfanin waya ya ce zama ɗaya ne a mayar da mai 400 kan kowace lamba muka ga dama, ko da wayar hannu ce, har ma ana iya jera lambobi da yawa, in wannan bai ɗauka ba kira ya wuce wa na gaba. Sharaɗi ɗaya ne. Ba a ba ƙungiya irin tamu wannan lamba, sai kamfani mai rajista, shi ya sa tun farko aka yanke ta da sunan kamfaninka na safarar kaya. Don haka ba za su taɓa komai ba sai sun ga takardar rajistar kamfanin da jan hatiminsa. Ka fi ni sanin ƙasar nan: ko kai da kanka ka je, in babu jan hatimi kai ba kowa ba ne. Na roƙe su, Baba Isaka ya roƙe su har muryarsa ta dushe, mutumin ya ce ya ji tausayinmu amma lawban, wato mai kamfanin, shi kawai zai iya. Hatimin kuwa yana cikin jakarka a Kano. An ce ba ka yarda ka bar wa kowa shi, kada a buga maka a inda ba ka sani ba. Na fahimci tsoronka, dukiya ba wasa ba ce. Amma da lambar ajiyarka ta banki ce ta koma hannun wani, da a jirgin gobe za mu tarbe ka.

Bari in gaya maka wanda ke riƙe da ƙungiyarka a yau. Na nemi shagon matar nan na je. Dattijuwa ce, ita kaɗai take aikinta. Da Baba Isaka ya ba ta labarin Ɗanlami, ta ajiye dutsen guga ta zauna. Daga baya ta ce ba wannan ne kaɗai kiran da ta samu ba. Tun da aka sa mata layin ake kiranta, wani lokaci asibiti, wani lokaci 'yan sanda, wani lokaci kuma mace ce daga nesa tana kuka da yaren da ba ta sani ba. Ba ta ƙirga ba, ba ta kuma san su waye ba. Ni ma ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, wannan ne yake hana ni barci. Na bar mata lambar wayata, ta manna a bango kusa da wayar, kuma ta cika alkawari, ta riga ta turo min wani kira na ɗan Nijar da mota ta buge. Matar da ba addininmu ɗaya ba, ba ta taɓa cin ko shinkafar taronmu ba, ita ce sakatariyarmu yanzu. To ta gaya min in sabuwar shekararsu ta zo za ta rufe shagon ta koma ƙauyensu gaba ɗaya. Daga ranar, duk wanda ya faɗi da katinmu a aljihu, ko mai cewa meyo ba zai samu ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka dawo da hatimin kafin matar nan ta tashi. In dawowar ba za ta yiwu ba, matafiya ba sa yankewa tsakanin Kano da nan, ka zaɓi wanda ka amince da shi, ka haɗa shi da shaidu, a buga a gabansu a mayar maka da abinka. A ɗaure mai 400 ɗin a kan wayoyin mutanen da suke zaune a garin nan, har da wanda yake jin yaren Sin. A sanar da kowa, a masallaci da zauren ƙungiya, cewa lambar 020 da ke katin ta tashi daga tamu, iyalai su daina kira. A kuma je a yi wa matar nan godiya da sunan ƙungiya, ta cancanta.

Roƙo na ƙarshe ba ya buƙatar hatimi. Hajiya Asabe, matar Ɗanlami, ta kira ni bayan ta fita takaba. Ba ta tambayi kayansa ba, ba ta tambayi asibiti ba. Cewa ta yi in gaya mata wanda yake kansa lokacin da zai cika, tana so ta yi masa addu'a da sunansa. Na ce layi ba kyau, zan sake kira. Har yau ban kira ba. Tunda kana Kano, gidan ba ɓoyayye ba ne, ka taimake ni ka je ka ba ta amsa.

Allah Ya jiƙan Ɗanlami, Ya sa can ta fi masa nan. Kai kuma Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ka ɗauka, Ya dawo da kai lafiya. Mu duka Allah Ya sa mu cika a gaban masu tuna mana sunanSa.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u mai kayan keken ɗinki,
Dengfeng, Guangzhou.