Ranar da Layinmu Ya Ɓuya

Ulaisha, Riyad

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Raliya da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni dai ga ni nan, daga aikin asibiti sai gida, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Maigidana Bashari ya fara takawa da sanda, karon farko tun da motar nan ta buge shi a hanyar masallaci. Likita ya ce maganinsa tafiya kullum. To a ina? Titinmu ba gefen da mutum zai raɓa, motoci ne har bakin shaguna. Shi kuwa maigidan ya ce in ba a gyara ba gida zai dawo, ni in zauna har kwantiragina ya ƙare. Kin san Bashari, in ya faɗa ya faɗa. Tsoron zaman nan ni kaɗai nake ji, Yaya.

Sai ga labari wai baladiyya, hukumar gari, ta ware tallafin gyaran titunan unguwanni: wurin tsallakawa, hanyar ƙafa da ta kekuna, har da filin da masu abinci za su fito da tebura. Amma sai titin da aka ga jama'a na binsa da ƙafa za a ba. Ranar Talata za su turo masu ƙirga mutane. Na bi mutanenmu gida-gida ina roƙo su fito, har muryata ta dishe. Yacouba mai tuwo, ɗan Maraɗi, tuni ya fara taya kujerun roba.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Marwa

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, na ji Inna ta warware, alhamdu lillahi.

Masu ƙirgar sun zo, da riguna masu walƙiya da kyamara. Maƙwabciyata Rahina ta hango su ta taga, ba ta tambayi kowa ba ta aika saƙon murya a zauren unguwa na waya, wai jami'an duba iƙama ne, takardar izinin zama, kowa ya yi ta kansa. Ni ina bakin aiki, waya tana kabad.

Yaya, layin nan tsit ya yi! Har likitocin da takardunsu ba ko tabo sun ƙi leƙowa. Yacouba ya ja ƙofar shago da tuwo a kan wuta. Da a wani wuri abin ya faru da na yi dariya.

Bashari kaɗai ya fita. Daga la'asar har magariba yana tsallaka titin nan da sandarsa, ya je ya dawo, motoci na danna masa hon. Ɗaya daga cikin masu ƙirgar ya kawo masa ruwa, ya yi masa bayani cikin ladabi cewa mutum ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi.

An ba wani titi a unguwar Suwaidi tallafin. Rahina ta zo ban haƙuri da kwanon dambu, na karɓa, don ba ni da ƙarfin yin fushi. Ƙafar Bashari ta kumbura, sai gani na yi ya sauko da jakar tafiyarsa.

Ranar Asabar jirginsa zai sauka Kano, ki sa a je tarbarsa. Don Allah kada ku bar shi ya zauna. Kowace safiya a raka shi masallaci da ƙafa, ko ya yi faɗa. Ni kuma in na kira, ku riƙa ɗauka.

Ƙanwarki mai kewarku,
Marwa