Sarewar Minti Arba'in da Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Muttaka ya kawo fim ɗinsa a filashi. Yanzu darakta ne, har da hular sanyi a wannan zafin. Ni na fara zaunar da shi gaban fiyano a wannan sitidiyon na Gwammaja, shekara goma sha uku ke nan, yau shi ne yake ce min, "Malam Hashim, sati biyu kacal gare mu." Ya kuma faɗi cewa edita ya so a kai wa wasu masu kiɗa na Kabuga, shi ya hana. Wato in gode masa.

Laraba, 8 ga Mayu

Na kalla sau uku da murya a kashe, yadda na saba. Sai na ga inda fuskar ɗan wasa ta kasa faɗin abu, nan nake sa kiɗa. Na rubuta wurare goma sha bakwai. 'Yan yanzu ko kallo ba sa yi, a ce musu "kiɗan tausayi", su danna maɓalli, shi ke nan.

Ran fim ɗin gaba ɗaya yana minti na arba'in da ɗaya. Tsohon tela yana rufe shagonsa rufewar ƙarshe, ya shafa keken ɗinki, ya ce wa maƙwabcinsa kalma huɗu. Sarewa nake so a nan. Na yi ta gunguninta a hanyar masallaci har na kama ta, na ɗauka a waya.

Asabar, 11 ga Mayu

Sarewar da ke cikin fiyanon nan ta mutu. Da can tana da kaifi, yanzu sai na ɗaga ta sama sosai take fitowa. Kayan zamani, duk ruɓaɓɓu.

Matata Ummi ta ce ta yi min sallama sau uku daga ƙofar ɗaki ban amsa ba. Mace ta riƙa magana ƙasa-ƙasa, sannan laifin nawa ne.

Talata, 14 ga Mayu

Muttaka ya zo da editansa su ji. Da aka kai wajen telan sai editan ya toshe kunne da yatsa, a gabana. Muttaka ya ce, "Malam, sarewar ta cinye maganar tsohon. Kamar usur ɗin ɗan sanda." Na ce sifikar ce. Ya saka a wayarsa, ya ce haka take. Na ce wayar ce. Ya kalle ni, irin kallon da ake wa majinyaci, ya ce in gyara zuwa ranar Talata, in ba haka ba furodusa zai kai Kabuga, ba yadda zai yi.

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 15 ga Mayu

Na canza sifika. Na canza wayar sifika. Haka dai.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban ji rabin huɗuba ba. Lasifikar masallacin ma sai a hankali.

Da na dawo ina ta faɗa a kan Muttaka, Ummi tana tsince shinkafa. Ta ajiye faranti ta ce, "Baban Hajo, tun yaushe rabonka da ka gan ni ina zama ta hagunka?" Na ce wannan wace irin tambaya ce. Ta ce shekara guda ke nan tana zagayowa ta dama in za ta yi min magana, ita da 'yarmu Hajo duka, kuma sun yi shawara kada su faɗa min. Shawara! A gidana, a kaina, ni kaɗai ban sani ba. Na bar mata abincin.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kulle sitidiyo na gwada. Na bi fiyano daga ƙasa zuwa sama, maɓalli ɗaya-ɗaya. Can wajen ƙarshe ina ganin fitilar kwamfuta tana tsalle, ba na jin komai sai wata siririyar tsuwa da dama can tana cikin kaina. Na toshe kunnen dama, sai fiye da haka ya ɓace.

Shekara ashirin da abin sauraron kiɗa a kunne, ga janareta a bayan taga. Ba wanda zan faɗa wa. A harkar nan, aka ji da safe, kafin la'asar an binne ka.

Litinin, 20 ga Mayu

Ummi ta kawo min abinci sitidiyo, ba ta taɓa ba. Tunda ta zo, na ce ta zauna a wata kujera da ke gefe. Don kada kujerar ta zauna haka nan ne kawai. Na kunna wajen telan, na ce in sarewar ta daina sukar kunnenta ta ɗaga hannu.

Na fara ragewa. Na rage, hannunta yana cinya. Na ƙara ragewa har ta fara yi min nisa, na ce, "Bai isa ba?" Ta girgiza kai. Na ci gaba. Sarewar ta ɓace min gaba ɗaya, sai telan kawai yana shafa kekensa. Sai da na ƙara ja kaɗan sannan ta ɗaga hannu.

Ta ce in maimaita. Na maimaita sau biyu, tana goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Wallahi ka iya, Baban Hajo."

Ni dai lambar inda na tsayar da sarewar na rubuta a takarda.

Talata, 21 ga Mayu

Muttaka ya karɓa. Ya ce ban taɓa yin kiɗan da ya kai wannan ba, editan ma har da miƙo min hannu biyu. Na ce to. Zai kawo wani fim bayan Sallah.

Na lura ya zagayo ta damana kafin ya faɗa. 

Alhamis, 23 ga Mayu

Hajo ta karɓo min katin ganin likitan kunne, ranar Litinin da safe. Zan je ne don su bar ni in huta.

Na matsar da kujerar nan kusa da tawa, ta dama. Na sa mata matashi, Ummi ta ce tana da tauri.