Tsumman da ke cikin salansa

Misbahu,

Na wuce Shinkafi, kana ta minshari. Da safe na tada tsohuwar motar Baba, injin na kakkarwa tana tsaye, salansa, bututun hayaƙin nan, ta yi zafi kamar garwashi. Na zura wayar ƙarfe ciki, sai ga tsumman da ka cusa tun damina don kada ɓeraye su shiga, rabinsa a ƙone. Wata uku kana canza fulogi, kana kwance kafireta, kana gaya wa mutanen Kaura kai bakanike ne. Yanzu tana tashi lafiya lau.

Makullin na wurina. Kada ka sake taɓa ta, ko da wanki ne. Mota marigayi ya bar maka, basirarsa kam da ita aka rufe shi.

Yayanka Jelani